Tsokokin gaban ƙwauri, da dalilin da yasa ƙafar yaro ke faɗuwa bayan allura

Tun daga soro nake gane tafiyar ɗan Yayata kafin ma ya shigo tsakar gida, saboda ƙafarsa ta hagu shiru take sauka ita kuma ta dama sai kaji tas, tas, kamar ana marin siminti da silifa. Shekararsa 6 a lokacin. Zazzaɓi ne ya kamashi da daddare aka ɗaukeshi aka kai wani kemis a unguwa aka yi masa allura a mazaunai, Yaya tace ihun da yayi ba irin na yaron da ke tsoron allura bane, ƙafar ya riƙe tun daga cinya har ƙasa yana cewa wuta wuta, da aka saukeshi kuma ya kasa taka ta sosai. Zazzaɓin ya tafi cikin kwana 3 amma ƙafar bata dawo ba, in ya ɗaga ta sai tafin ya rataya ƙasa, silifa ta riƙa zamewa tana faɗuwa, ga tuntuɓe a ko'ina har a dokin ƙofar ɗakin da aka haifeshi. Hajiyarmu tace shan inna ce, wata maƙwabciya tace iska ya taka a bola, ni kuma da na zo na durƙusa gabansa nace ɗaga min babban yatsanka sama, ya kalli yatsan ya ciji leɓe yace "Kawu ina ɗagawa, shine baya ji." Wannan maganar tasa har yau tana raina, don abinda ya faɗa shine ainihin abinda ya faru a jikinsa, saƙo yana tashi daga kai amma baya isa inda aka aikeshi.

Na karanta ilimin sassan jikin ɗan Adam a jami'a a Samaru, nan Zariya, kuma cikin duk wuraren da muka buɗe muka gani babu wanda nake ganin amfanin saninsa a rayuwar yau da kullum a garin nan irin gaban ƙwauri. Wuri ne ɗan ƙarami, tsoka 4 ce kacal a ciki, duka huɗun jijiyar saƙo ɗaya ke basu umarni, jijiyar jini ɗaya ke ciyar dasu, kuma a matse suke cikin ɗaki ɗaya da baya buɗewa. In ka gane waɗannan abubuwan to ka gane dalilin faɗuwar ƙafa, ka gane dalilin da yasa ɗaurin ɗori mai tsauri yake cinye ƙafa a dare ɗaya.

Ka miƙe ƙafarka yanzu ka ɗora yatsa a ƙasan gwiwa ka biyo ƙasa, wannan kaifin da kake ji kamar bayan wuƙa shine gaban babban ƙashin ƙwauri, likitoci na ce masa tibiya, shi ke ɗauke da kusan duk nauyin jiki. A gefensa ta waje akwai wani siririn ƙashi, fibula, wanda aikinsa yafi yawa wajen ba tsokoki wurin kamawa da tallafe idon sawu ta waje, wannan ƙullutun da kake ji a idon sawu ta waje ƙarshensa ne. Tsakanin ƙasusuwan biyu akwai wani tantani mai ƙarfi da ya haɗasu tun daga sama har ƙasa. Toh in ka matsar da yatsanka daga kaifin nan zuwa ciki, wajen ɗayar ƙafar, ƙashi zakaji tsirara fata kawai ke kansa, babu tsoka ko kaɗan, shi yasa in ƙafar babur ta bugeka a nan ko an sa maka ƙafa a filin ƙwallo hawaye ke zuwa da kansu, shi yasa kuma ciwo a wurin yake saurin zama gyambo yaƙi warkewa, kuma in ƙashin ya karye a hatsari yake saurin huda fata ya leƙo waje. Amma in ka matsar da yatsan zuwa waje sai kaji nama mai laushi ya cika tsakanin ƙasusuwan, wannan naman shine maganarmu.

Ka bar hannunka a kan naman ka ɗaga tafin ƙafarka sama kamar zaka nuna gwiwa da yatsu, zakaji ya kumburo yayi tauri a ƙarƙashin hannunka. Wannan itace babbarsu, tibiyalis anteriya, ni dai ina ce mata uwar ɗakin gaban ƙwauri. Ta kama ne daga saman tibiya ta gefen waje da kuma tantanin nan na tsakiya, ta sauko tana sirancewa har ta koma igiya a kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙasan ƙwauri, igiyar ta tsallaka gaban idon sawu ta karkata ciki taje ta kama a gefen ƙafa na ciki, wajen wannan lanƙwasar da bata taɓa ƙasa in ka taka da jiƙaƙƙiyar ƙafa, a kan wani ƙaramin ƙashi da gindin dogon ƙashin da ke kaiwa ga babban yatsa. Saboda ta ciki ta kama, in ta ja bawai sama kawai take ɗaga ƙafa ba, tana kuma juya tafin ya kalli ɗan'uwansa, kamar yadda kake yi in kana son duba ƙaya a tafin ƙafarka, kuma tana cikin masu riƙe wannan lanƙwasar kada ta baje.

Anan sai na tsaya akan kalmar jijiya, don ita ke kawo ruɗani tsakanin mara lafiya da likita kullum. Mu a bakinmu hanyar jini jijiya ce, wayar da ke kai saƙo daga laka zuwa tsoka jijiya ce, igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi ma jijiya ce, sai mutum yazo yace jijiyata ce ta tsinke ba'a san wacce yake nufi ba alhali maganin kowacce daban. Mahauta sun fimu rarrabewa, wannan farar igiyar mai tauri da ke cikin naman ƙwaurin sa agara suke ce mata, kuma haka zan kirata anan. Ta jini zance jijiyar jini, ta umarni da ji kuma jijiyar saƙo.

Ta biyu itace mai ɗaga babban yatsa. Ita a ɓoye take, cikinta yana ƙarƙashin sauran ta kama daga tsakiyar fibula, baka ganinta sai agararta ta fito kusa da idon sawu, ka ɗaga babban yatsanka zakaga igiya ɗaya ta miƙe a saman ƙafa tun daga idon sawu har gaɓar ƙarshe ta yatsan, to itace. Ta uku mai ɗaga sauran yatsu huɗu, ta taso daga can sama gefen waje ta biyo fibula, da ta iso saman ƙafa sai agararta ta rabu gida 4 kowanne ya nufi yatsansa, in ka baza yatsunka sama zaka gansu sun fito kamar haƙarƙarin mafici. Ta huɗun ƙarama ce, kamar reshe ne da ya ɓalle daga ta ukun a ƙasa yaje ya kama gindin ƙashin ƙaramin yatsa, tana taimakawa wajen ɗaga ƙafa da juyata waje, wasu mutanen ma ba'a haifesu da ita ba kuma lafiya lau suke tafiya. Duk waɗannan agarorin da zasu wuce gaban idon sawu akwai wasu maɗaurai guda 2 da suka gitta kansu kamar bel, ɗaya sama da idon sawu ɗaya a kansa, da babu su da duk sanda ka ɗaga ƙafa sai agarorin su tashi su miƙe kamar tsirkiyar baka.

Wani zai ce duk wannan tsari don ɗaga tafin ƙafa kawai? Eh, amma duba sau nawa kake yinsa. Duk taku ɗaya aiki biyu suke yi. Lokacin da ƙafa ta bar ƙasa tana lilo zuwa gaba su ke riƙe yatsu sama kada su ja ƙasa, kuma tazarar da ke tsakanin yatsunka da ƙasa a daidai wannan lokacin bata wuce santimita 1 zuwa 2 ba, kaga kenan ko rauni kaɗan suka samu tuntuɓe ya fara. Aiki na biyun shine wanda mutane basu sani ba kuma shi yafi gajiyar dasu, da diddige ya taɓa ƙasa nauyin jiki so yake ya maka tafin ƙafa da ƙasa lokaci ɗaya, sai su riƙe su riƙa saki a hankali, kamar mai sauke guga cike da ruwa a rijiya yana sakin igiya kaɗan kaɗan. Wannan tas ɗin da nake ji daga soro rashin wannan birkin ne. In kuma sun mutu gaba ɗaya sai mutum ya koma ɗaga gwiwa sama sosai kamar mai hawa matakala ko mai tsallake kwata don yatsu su kuɓuta, wani kuma ya riƙa wurga ƙafar ta gefe. Duk wanda ya taɓa hawa dutsen Kufena ya sauko zai tuna washegari gaban ƙwaurinsa da cinyarsa ne ke tsami, saboda a gangara birkin nan yafi shan wahala. Direban da ya daɗe cikin cunkoson Kwangila diddige a ƙasa yana ɗaga ƙafa daga totur zuwa birki shima nan ne ke masa zafi, haka telan da ke taka keken ɗinki yini guda.

Yanzu ga hanyar saƙon, kuma nan ne labarin yaronmu yake. Daga ƙasan gadon baya wasu rassa ke fitowa daga laka su haɗu su zama jijiyar saƙo mafi girma a jikin mutum, sayatik, a babba kaurinta ya kai babban yatsan hannu. Ta cikin mazaunai take fitowa, ta wajen tsakiya zuwa ƙasa, ta bi bayan cinya, kafin ta kai bayan gwiwa ta rabu biyu. Ɗaya ya miƙe ƙasa zuwa sha-raɓa da tafin ƙafa, ɗayan kuma ya karkata waje ya zagaye wuyan fibula. Ka taɓa gefen gwiwarka ta waje ƙasa kaɗan zakaji wani ɗan ƙullutun ƙashi, kan fibula kenan, a ƙasansa kaɗan jijiyar ke kwance tsakanin fata da ƙashi babu wani nama da ya kareta, in ka murza wurin da ɗan ƙarfi zakaji wani zirr ya sauka zuwa saman ƙafa. Daga nan ta sake rabuwa, reshe na sama sama ya tafi ga tsokokin gefen waje, reshe mai zurfi ya shiga ɗakin gaban ƙwauri ya raba umarni ga tsokokin nan huɗu. Bayan ya gama dasu ɗan abinda ya rage masa na ji a fata wuri ɗaya ne tak, tsakanin babban yatsa da mai bi masa, inda igiyar silifa ke shiga, inda kake tsefewa da yatsa wajen alwala. Shi yasa likita zai taɓa wannan ɗan lungun yace kana ji? Ba wasa yake ba, lafiyar jijiyar gaba ɗaya yake tambaya.

Allurar mazaunai akwai inda ake yinta, a raba ɓari ɗaya gida huɗu a soka a sama ta waje nesa da hanyar sayatik, ƙananan yara kuwa gefen cinya ta gaba ake so saboda mazaunansu basu da nama. In aka soka tsakiya ko ƙasa, musamman yaron da zazzaɓi ya ramar kuma yana fizge fizge an danneshi, bakin allurar ko shi kansa maganin sai ya samu jijiyar, kuma ɓangaren da ke zuwa gaban ƙwauri shine yafi kusa da waje kuma yafi saurin lalacewa, shi yasa allura a mazaunai amma ciwon ya bayyana can ƙasa a tafin ƙafa, wannan nisan ne ke sa iyaye basa haɗa abu biyun. Abinda ke ƙona min rai shine yawancin waɗannan alluran ba'a ma buƙatarsu, mu ne muka ɗauka in ba'a soki yaro ba ba'a yi masa magani ba, har uwa ta roƙa da bakinta a yi masa allura don yafi saurin ji, alhali maganin sha zai yi aikin. Da na faɗa wa Yaya haka kuka ta saka tace ita ce ta nema, nace Yaya ke neman lafiyar ɗanki kikayi, wanda ya riƙe sirinjin shi ya kamata ya san inda jijiya take.

Ba allura kaɗai bace. Wurin nan na wuyan fibula shi yafi ko'ina kawo faɗuwar ƙafa, don komai na iya danneshi. Mutumin da ya yini a tsugunne a fadama yana dashen albasa ko tumatir, wanda ya daɗe ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, majinyacin da ya rame ya kwana biyu a kwance gefen gwiwarsa na kan ƙarfen gado, filastar da bakinta ya tsaya daidai wurin tana ci, karayar fibula ko gocewar gwiwa. Irin na dannewa in an cire abinda ya danne yawanci yana dawowa cikin makonni zuwa 'yan watanni. Sai kuturta, ƙwayar cutar tana son jijiyoyin da ke kusa da fata, kuma wannan na cikin waɗanda ma'aikatan kuturta ke laluba da yatsa suji ko tayi kauri, mu nan Zariya ma muna da cibiyar horaswa ta ƙasa kan tarin fuka da kuturta a Saye, maganin kyauta ne na wata 6 ko 12 gwargwadon nau'in, kuma in raunin ƙafar sabo ne bai wuce wata 6 ba akwai maganin da ake bayarwa da kan iya ceto jijiyar. Masu ciwon suga suma jijiyoyinsu basa jure dannewa.

Wani lokacin kuma matsalar can gadon baya take, faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya ya bulluƙo ya danne reshe na biyar na ƙugu, wanda shine yafi ba mai ɗaga babban yatsa umarni. Yadda ake rarrabewa yana burgeni, in a wuyan fibula ne mutum bazai iya ɗaga ƙafa ba amma in ya saketa ƙasa zai iya juya tafin ciki da ƙarfi, saboda akwai wata tsoka a bayan ƙwauri mai wannan aikin da ke samun saƙo ta ɗaya reshen, in kuwa daga baya ne har wannan juyawar sai tayi rauni, ga kuma ciwon da ke saukowa daga ƙugu. Shanyewar ɓarin jiki ma na kawo jan ƙafa amma ita ƙafar ƙagewa take tayi tauri, hannu ma yawanci yana ciki. Ita kuwa shan inna da Hajiya ta ambata ba'a raina maganarta, cutar tana son wannan tsokar ta gaban ƙwauri ƙwarai, manya da yawa da muke gani da siririyar ƙafa ita ce, sai dai ita bata ɗauke jin taɓawa a fata, yaronmu kuwa saman ƙafarsa a sage yake. A watan Agusta 2020 aka tabbatar da nahiyar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar shan inna, duk da haka ƙa'ida itace duk yaron da bai kai shekara 15 ba ƙafarsa ta saki farat ɗaya a kai rahoto a ɗauki bayan gidansa a gwada, shima an yi masa.

Saura maganar ɗakin, kuma ita tafi gaggawa. Ranar da muka buɗe ƙwauri a ɗakin koyo, bayan an ɗaye fata da kitse abinda ya bayyana wani farin tantani ne mai sheƙi da ya naɗe ƙafar kamar safa, a gaban ƙwauri yafi ko'ina kauri, na danna da yatsa naji shi a ɗame kamar fatar kalangu, sai da aka tsagashi da wuƙa sannan tsokar ta bayyana. Wannan tantanin ya raba ƙwauri ɗaki 4, gaba, gefen waje, da biyu a baya. Ɗakin gaba bangonsa tibiya ta ciki, fibula da wani shinge ta waje, tantanin tsakiyar ƙasusuwa ta baya, wannan farin kuma ta gaba, babu ko ɗaya mai miƙewa. Jijiyar jinin da ke ciyar dashi daga bayan gwiwa take, ta kutso ta wata ƙofa a saman tantanin tsakiya ta sauko kafaɗa da kafaɗa da jijiyar saƙon, ta wuce idon sawu ta hau saman ƙafa, anan ne ake jin bugunta a gefen agarar babban yatsa ta wajen sauran yatsu, wurin da ake dubawa masu ciwon suga.

Toh ka ɗauka ɗan acaɓa ya faɗi tibiya ta karye, jini na zuba a cikin ɗakin nan tsoka na kumbura, wurin faɗaɗa babu. Matsi ya riƙa hawa har ya fi ƙarfin ƙananan hanyoyin jinin da ke shiga cikin tsokar, sai su rufe, tsokar da bata samu jini ba ta ƙara kumbura, matsin ya ƙara hawa, haka abin ke cin kansa. A wannan halin sai a kawo karare a jera a naɗe da tsumma a ɗaure tam don ƙashi ya zauna, an ƙara bango na biyu akan wanda ya riga ya matse. Ni bana cikin masu zagin maɗora, akwai karayar da suka ɗora ta kama kuma mutane na zuwa wurinsu ne saboda kusa suke kuma da sauƙin kuɗi, amma wannan abu ɗaya dole a faɗeshi, tsoka bata jure rashin jini fiye da kamar awa 6, bayan nan ta fara mutuwa kuma wadda ta mutu bata dawowa, filastar asibiti ma in ta matse haka zata yi. Alamar farko ciwo ne da yafi ƙarfin raunin, mutum na ihu magani baya kwantar dashi, ƙwaurin yayi tauri kamar icce, in ka lanƙwasa masa yatsun ƙafa ƙasa a hankali sai ya zabura saboda ka ja tsokar da ke shaƙe, sannan tsakanin babban yatsa da na biyu ya fara sagewa. Abinda ke yaudarar mutane har da wasu ma'aikata shine bugun jini a saman ƙafa yana nan, ƙafar da ɗuminta, sai ace ai jini na gudu, alhali babbar hanya ce a buɗe ƙananan sun daɗe da rufewa, kafin bugun ya ɗauke an makara. Kuma kalmar da tafi cutar da mutane a daren nan itace daure, ƙashi ne ke kamawa. Ba kamawa yake ba. A kwance ɗaurin gaba ɗaya har fata, a ajiye ƙafar daidai da ƙirji kada a rataye ta sama, a nufi asibitin da ke da likitan ƙashi da tiyata irin na koyarwa na Shika a daren ba sai gari ya waye ba, aikin da ake yi shine a tsaga tantanin nan tsawon ƙwauri, yawanci ta gefe biyu don a buɗe duka ɗakunan huɗu, a bar ciwon a buɗe kwanaki kafin a rufe. In aka makara ko dai tsokar ta ƙanƙance ƙafa ta lauje har abada, ko ta ruɓe a yanke, kuma dattin matacciyar tsoka na bin jini ya toshe ƙoda, zakaga fitsari ya koma kalar shayi.

Akwai ɗan ƙaramin irin wannan da ke samun masu gudu, samarin da ke shirin shiga Depot inda ake horar da sababbin sojoji suna zagaye kan kwalta da asuba, bayan wasu mintuna sanannu gaban ƙwauri ya ɗaure yayi zafi ƙafa ta fara mari, in sun tsaya sun huta ya saki, wannan bai kai na karaya hatsari ba amma yana son a duba. Ya bambanta da ciwon da ke bin gefen ƙashin ta ciki wanda yawanci ƙara gudu lokaci ɗaya da mataccen takalmi ke kawowa, in kuma wuri ɗaya ne tak da zaka iya rufewa da kan yatsa kuma yana ciwo ko a tafiya, a yi hoto, yana iya zama tsagewar ƙashi.

Shi yaronmu masu gashin ƙashi muka riƙa kaiwa. Abu na farko da suka tsorata dashi ba jijiyar bace, agarar diddige ce, don in na gaba sun daina ja na baya ke cin karensu babu babbaka, sha-raɓa tafi su ƙarfi nesa ba kusa ba, in aka bar ƙafar a rataye watanni sai agarar ta gajarce ƙafar ta ƙage a haka, ko jijiyar ta warke daga baya babu abinda zata iya ɗagawa. Aka yi masa wani takalmin roba mai kama da harafin L da ke bin bayan ƙwauri ya tallafe tafin, aka koya wa Yaya ta riƙe diddigen da hannu ɗaya ta tura tafin sama da ɗayan safe da yamma, da duba ƙafar kullum saboda inda baya ji ƙaya ko wuta na iya cinsa bai sani ba. Jijiyar saƙo in zata tsiro kusan milimita 1 take yi a rana, daga mazaunai zuwa gaban ƙwaurin yaro kamarsa kuwa ya haura santimita 30, ka lissafa kaga abin na wajen shekara ne, kuma ba kowa ke dawowa ba. Waɗanda basu dawo ba akwai aikin da ake ciro agarar tsokar nan ta baya mai juya ƙafa ciki a zagayo da ita gaba a ɗinke a saman ƙafa ta koma mai ɗagawa, an daɗe ana yiwa masu kuturta shi.

A wata na 11 ina zaune kan tabarma ƙafarsa na kan cinyata yatsana na kan gaban idon sawunsa nace ja, sai naji agarar tibiyalis ta motsa a ƙarƙashin yatsana, kaɗan, kamar motsin tsutsa a cikin ƙasa, na kira Yaya ta bar tukunya tazo ta ɗora nata yatsan taji. Ita ke fara dawowa saboda ita saƙon ke fara isa, mai ɗaga babban yatsa tana can ƙasa sai daga baya. Yanzu yana zuwa Islamiyya da sandal mai maɗauri a diddige, marin ƙasan ya ragu sai in ya gaji da yamma, babban yatsan dai har yanzu rabi yake tashi.